Ɗana ya bugu a kai a filin ƙwallo, in bar shi ya koma?

Baban Usama, Jidda:
Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 17 yana wata ƙungiyar matasa a nan Jidda. Daren Juma'a suka tashi sama shi da wani, kai ya haɗu da kai. Bai suma ba, har wasan ya ƙarasa. Amma a mota sau uku yana tambayata nawa aka tashi. A asibiti aka ɗauki hoton kai, ba jini ba karaya, likita ya ce irtijaj ne, wato ƙwaƙwalwa ta girgiza. Yau kwana huɗu, haske na damunsa, in ya buɗe littafi kai ya hau sara. Kocinsu na nemansa ranar Asabar.

Ɗan Hindawiyya:
Alhaji, ai ƙwallo ta gaji haka. Shahrani, ɗan wasan Saudiyya, da gwiwar mai tsaron gidansa ta farfasa masa fuska ranar da Saudiyya ta ci Ajantina 2-1 a 2022, bai dawo fili ba?

Maman Rahaf, Makka:
Ya dawo, ƙanena, amma bayan tiyata da doguwar jinya. Alhaji, aikin jinya nake yi, kada ka bar shi. Yawancin masu irtijaj ba sa suma, hoto kuma ba ya nuna shi, jini da karaya yake nema. Tambayar nan da ya riƙa maimaitawa ita ce alamar. Ka tuna Kramer na Jamus a wasan ƙarshe na kofin duniya a 2014? Bayan ya bugu ya ci gaba da gudu, har ya je yana tambayar alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. Tun 2024 ma dokar ƙwallo ta amince da canjin ɗan wasa na musamman saboda buguwar kai.

Manyan 'yan wasa hawa-hawa suke komawa: hutun kwana ɗaya zuwa biyu, tafiya a ƙasa, sassarfa, atisaye ba gogayya, sannan cikakken atisaye da izinin likita. Kowane hawa aƙalla awa 24, in ciwon ya motsa a ja da baya. Matashi kan kai mako huɗu kafin ya warke, kuma makaranta ce gaba da fili. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi muke tsoro. In ka ga amai a jere, ko barcin da ba ya tasuwa, asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Baban Usama, Jidda:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Na kira kocin na faɗa masa. Usama ya yi fushi, takalmansa kuma suna cikin but ɗin motata.