Ina neman Hausar "antacid" kafin Alhamis

Mai shirin lafiya: Jama'a, ranar Alhamis zan yi shiri a rediyo kan magungunan ciki, kalmar nan "antacid" ta tsaya mini a wuya. "Maganin olsa" na rubuta, amma hankalina bai kwanta ba.

Nas: Gara da kika tambaya. Irin su Gestid da farin ruwan nan mai alli-alli da ake girgizawa kafin a sha, tsamin da ya taru a tumbi kawai suke kashewa. Omeprazole kuwa rage fitowar tsamin yake yi, shi ya sa ake shan sa kafin karin kumallo. Gyambon ciki kuwa, wato olsa, ba su warkar da shi, don yawanci daga ƙwayar cutar H. pylori yake, ko yawan shan su ibuprofen da diclofenac. An taɓa kawo mana wani da ya yi watanni yana kurɓar farin ruwan, sai da bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, alamar gyambon yana zubar da jini.

Malamin Hausa: Ai magabata sun gama magana: kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Ki ce "kanwar asibiti".

Mai kemis: Wallahi duk mai zuwa shagona "maganin ƙwannafi" yake cewa.

Nas: Allah ya gafarta Malam, kalmarka ta yi daɗi, amma ina tsoronta. Tsohuwa mai hawan jini ta ji "kanwa" a rediyo, gobe ta jiƙa ta kicin ta sha, alhali cike take da sodiyam, sinadarin gishiri mai ƙara hawan jini.

Malamin Hausa: Kullum haka kuke, 'yan asibiti. Kun karɓi "olsa" hannu bibbiyu ga "gyambon ciki" a ajiye, amma da an kawo ta gida sai ku ce haɗari.

Nas: Malam, da Hausa nake yi wa majinyata bayani dare da rana. Ni dai kada a cutu.

Mai kemis: To a ɗauki rabin karin maganar mana: "kar-tsami".

Malamin Hausa: Ba ta kai tawa ba, amma Hausa ce. A bar ta da karan ɗori.

Mai shirin lafiya: Na gode. Zan fara da "maganin ƙwannafi, wato kar-tsami", in ji abin da masu bugo waya za su riƙe.

Nas: Ki ƙara musu da cewa a bar tazarar aƙalla awa 2 tsakaninsa da tetracycline ko ƙwayar ƙarin jini, don yana hana jiki tsotse su.