Laburaren izini da muka rubuta da kanmu: mu ci gaba da riƙe shi ko mu koma Gate da Policy na Laravel?

ɗan_Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema a kan wani abu da ya tsaya min a rai kusan wata biyu kenan.

Muna da manhajar makarantu, rajistar ɗalibai, shigar da maki, kuɗin makaranta, da takardar sakamako da iyaye ke dubawa ta waya. An fara ta ne a 2015 a kan Laravel 5.0, wato firemwok ɗin PHP na gina manhajojin yanar gizo, lokacin babu Gate babu Policy, kayan izinin da ke zuwa a cikinsa, don sai a 5.1.11 suka shigo, shi ne wanda ya fara aikin ya zauna ya rubuta nashi laburaren na izini, wato abin da zai ce wane ya isa ya ga kaza, wane bai isa ya taɓa kaza ba. Kuma wallahi ya yi ƙoƙari, shekara goma abin na aiki. To yanzu ya samu aiki a Abuja ya tafi, ni da wani yaro ɗaya muka rage.

Muna kan Laravel 8 da PHP 7.4, dukansu an daina yi musu gyaran tsaro, muna so mu hau Laravel 12 wanda sai da PHP 8.2 zuwa sama, kuma duk lokacin da na gwada laburaren nan ne yake fara fashewa saboda ya shiga cikin middleware da session ya naɗe ko'ina. Abin da ke tsorata ni shi ne dokokinmu ba masu sauƙi ba ne, fom masta yana ganin makin duk darussan ajinsa amma na darasinsa kawai zai iya shigarwa, uba 'ya'yansa kawai zai gani kuma a wasu makarantun sai ya gama biyan kuɗin zango, ma'aji ba ruwansa da maki, in firinsifal ya rufe zango babu mai canza ko lamba ɗaya. Mu gyara namu mu ci gaba, ko mu watsar mu koma na Laravel? Mai kamfanin yana cewa abin da ke aiki kar a taɓa shi.

Ummu_Hanan ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam ka koma na Laravel, amma ba watsarwa za ka yi ba. In ka buɗe laburaren nan naku za ka tarar abu biyu ne aka cakuɗa wuri guda, akwai inji, wato ɓangaren da ke gano waye ya shigo, ya tambaya, ya jefo 403 in an hana, sannan akwai dokokin makaranta irin waɗanda ka lissafo. Dokokin naku ne, babu wanda zai rubuta muku su, shekara goma kuna tara su daga koken firinsifal-firinsifal, su ne dukiyar. Injin kuwa shi ne yake fashe maka a duk abdet, kuma shi ne ake ba ka kyauta, mutane da yawa na duba shi suna gwada shi kafin kowace fitowa, ku kuma mutum biyu ne.

Duk dokokin da ka faɗa suna shiga Policy ba tare da wani wahala ba. Ka yi guda don maki, a cikin update ka duba abu uku, malamin nan shi ke koyar da darasin a wannan ajin, zangon ba a rufe ba, kuma makarantarsu ɗaya da ɗalibin, shi kenan layi biyar ko shida ne. Tun 5.8 ma ba sai ka yi masa rajista ba, in ka bi tsarin suna da kansa yake gano shi. A Blade kuma @can zai ɓoye madannin, a tes za ka iya shiga a matsayin malami ka tabbatar an hana shi. Muƙamai da firinsifal zai riƙa rabawa da kansa daga dashbod sai ka sa fakejin laravel-permission na kamfanin Spatie, a kan Gate ɗin yake hawa, amma kar ka ce shi zai riƙe maka maganar “wannan ɗan nawa ne”, ba aikinsa ba ne.

Sannan ka yi tunanin ranar da kai ma za ka tafi. Duk yaron da ya koyi Laravel a YouTube ya san Policy, naku kuwa mutum ɗaya ne a duniya ya san cikinsa kuma yana Abuja. Ka faɗa wa mai kamfanin cewa a jerin OWASP na 2021, wato jerin manyan haɗarurrukan tsaron manhajojin yanar gizo, karyewar iko kan shiga bayanai ita ce ta ɗaya, daga ta biyar a 2017, kuma bayanan yara kuke riƙe da su ga dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan.

Baba_Mai_PHP ya rubuta:

Na yarda da Malama kusan duka, sai dai akwai ramin da ba ta ambata ba kuma mutane da yawa na faɗawa ciki. Policy tambaya ɗaya yake amsawa, wannan mutumin zai iya yin kaza a kan wannan abu guda ɗaya? Ba ya tace jeri. In uba ya buɗe shafin 'ya'yansa, Policy ba zai shiga cikin kuwerinka ya cire 'ya'yan wasu ba, kai za ka yi wannan da scope, wato sharaɗin da ake liƙa wa kuweri, kuma yawancin laburaren gida irin naku suna yin wannan tacewar a ɓoye ba tare da ka lura ba, ranar da ka cire shi sai ka ga makaranta na ganin ɗaliban wata makarantar kuma babu ero ko ɗaya da zai fito ya gaya maka. Ka fara bincika wannan tukuna, in haka ne ka sa global scope na makaranta a kan kowane model kafin ka taɓa komai.

Na biyu, hawa PHP 8 kansa yana canza hali. A PHP 7 in ka kwatanta 0 == "admin" amsar true ce, a PHP 8 false ce. Ni abin ya taɓa cin mu a wani wurin da na yi aiki, yuza da ba a ba shi muƙami ba ana mayar da nashi 0, sai in_array ba tare da strict ba ya ce ai yana cikin manya, mun daɗe a haka kafin wani ya lura, ranar ban yi barci ba saboda bayanan mutane ne. Naku zai iya zama akasin haka, wani abu da yake wucewa saboda wannan sakacin ya daina wucewa rana tsaka a makon jarrabawa.

Don haka kar ka haɗa ayyuka biyu lokaci guda. Gate da Policy suna nan a Laravel 8 ɗin da kake kai. Ka yi ƙaurar izinin a nan, tsohon na yanke hukunci sabon na gefe yana faɗin nashi, duk inda suka saɓa ka rubuta a log, ka bar su har zango guda ya zagayo domin rufe zango da fitar da sakamako sau ɗaya ake yinsu a wata uku, in ba ka ga wannan lokacin ba ba ka ga komai ba. Bayan nan sai abdet.

Sani_Django ya rubuta:

Ni ba ɗan Laravel ba ne amma bari in sa baki, don kar a ɗauka duk abin da ya zo da firemwok ya wadatar. A Django, firemwok ɗinmu na Python, muna da izinin add, change, delete, sai view da aka ƙara a 2.1, duk a matakin tebur ne, has_perm yana karɓar obj amma backend ɗin da ya zo da shi ba ya yin komai da shi, sai ka ɗauko django-guardian ko ka rubuta naka. Rails na Ruby kuwa babu izini a cikinsa sam, jama'a sun dogara da CanCan na Ryan Bates har aikin ya tsaya wajen 2013 sai da wasu suka ɗauke shi suka ci gaba da sunan CanCanCan. Shi ya sa ban ganin laifin wanda ya rubuta naku, kuma ina bambanta abin da ke cikin firemwok da fakejin waje, na farko zai rayu muddin firemwok ɗin na raye, na biyu sai ka duba masu riƙe da shi.

Ku dai kun yi sa'a naku na ciki yana karɓar abu guda-guda. Abu ɗaya da na gani a kod ɗin wani abokina, ya sa Gate::before yana dawo da true ga babban admin, to wannan yana tsallake kowane Policy, har da dokarku ta rufe zango. In kuna so ko mai makaranta ya kasa canza maki bayan an rufe, kar ku bi wannan hanyar.

ɗan_Kurna ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Baba maganarka ta tabbata, na duba yanzu laburaren yana liƙa school_id a kuweri ta wani trait da ban taɓa buɗewa ba. Kuma garin binciken na ga abin da ya fi tayar min da hankali, hanyar sauke takardar sakamako ta PDF ba ta bi ta laburaren kwata-kwata, an ƙara ta daga baya, in uba ya canza lambar da ke ƙarshen adireshin zai sauke na ɗan wani. Wannan a daren nan zan toshe shi, kuma shi zai zama Policy ɗinmu na farko.

Saura tambaya ɗaya Malama, muna da malaman da ke koyarwa a makarantu biyu na mutum ɗaya, a nan fom masta ne a can malamin darasi kawai, Spatie zai iya wannan?

Ummu_Hanan ta rubuta:

Zai iya, akwai teams a cikinsa, ka kunna shi a config kafin ka yi migrate, kowace makaranta ta zama team guda, sai ka sa middleware da zai saita makarantar da malamin yake ciki a kowace buƙata. Ka kula in ya sauya makaranta a cikin buƙata ɗaya sai ka watsar da roles da permissions da aka riga aka loda masa a sake lodo su, in ba haka ba na makarantar farko zai ci gaba da gani. PDF ɗin nan kuma ka duba log ɗin saba na baya ka ga ko akwai wanda ya taɓa bin lambobin a jere, in akwai to makarantar da abin ya shafa tana da haƙƙin ta sani.