Yaya zan koya wa ɗaliban likitanci iya magana da marasa lafiya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Ni likita ce a sashen mata da haihuwa na wani asibitin koyarwa. An ɗora mini koyar da 'yan aji biyar ɗa'ar aiki da iya magana da marasa lafiya, awa ɗaya a mako. Ƙa'idojin nan huɗu sun haddace su tsaf: girmama zaɓin mara lafiya, yi masa abin da zai amfane shi, kauce wa cutar da shi, da adalci. Amma da mun shiga ɗakin kwanciya sai ka ji ana cewa "gado na shida" maimakon sunan baiwar Allah, a ɗage mata zani babu sallama, labule a buɗe. Kwanan nan ma na ga hoton ciwon wata a sitatus ɗin WhatsApp na wani ɗalibi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuwa shi ne miji ya ja mu gefe ya ce "kada ku gaya mata ciwon daji ne". Me zan koya musu su yi?

Wani tsohon likitan tiyata: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba awa ɗayar nan taki ke tarbiyyar yaran nan ba, zagayen safe ne. Abin da suka ga babban likita yana yi a bakin gado shi suke ɗauka, gyara ko ɓarna. Ki kwashe darasin daga aji ki kai shi ɗakin kwanciya. Ɗalibi ɗaya ya ja kujera ya zauna, ya yi gaisuwa, ya faɗi sunansa da cewa shi ɗalibi ne, ya yi tambaya ɗaya ya ja bakinsa. Za ki sha mamakin yadda shirun ke yi musu wuya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1984 ya gano likitoci na katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 kacal da fara bayani. Sannan ki roƙi shugaban sashe a ba abin maki a jarrabawar OSCE, wadda ake gwada ɗalibi a aikace. Abin da babu maki a kansa, ɗalibi ba ya waiwayarsa.

Wata sista mai kula da ɗakin mata: Likita, ku yi haƙuri in faɗi tawa. Da Turanci kuke koyarwa, mu kuma da Hausa ake kawo mana kuka. Ku sa su yi atisayen da Hausa, wani ya zama likita, wani tsohuwa daga ƙauye. Su san cewa idan ta ce "to, likita" ba wai ta gane ba ne, kunya ce da girmamawa. Sai a ce mata, "Mama, in kin koma gida me za ki ce wa 'ya'yanki mun faɗa miki?" Nan za a ji abin da ya shiga. Kuma don Allah a daina mai da ɗan shekara goma tafintan uwarsa a kan maganar jinin al'ada. A kira mu, muna nan.

Wani likita mai koyar da ɗa'ar aiki: Ƙanwata, maganar miji doka ta taɓo ta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ta ce a sanar da mara lafiya halin da yake ciki, sai dai in akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sanarwar za ta cutar da shi. Jikinta ne, ita za a yi wa aikin. Amma ban yarda a koya wa yara yin fito-na-fito da maigida ba, tunda shi zai biya kuɗin magani, shi zai dawo da ita. A zaunar da shi a tambaye shi abin da yake tsoro. Galibi gudun kada ta karaya ne. Sai a ce masa ba za a tilasta mata jin komai ba, amma in ta tambaya ba za a yi mata ƙarya ba. Ita kuma a tambaye ta, "Hajiya, kina son mu yi miki cikakken bayani, ko mu yi wa maigida?" Tsarin SPIKES na isar da mummunan labari ga mara lafiya, da aka wallafa a 2000, ya tanadi wannan matakin. In ta zaɓi a gaya wa mijin, zaɓinta ne, a rubuta a fayil.

Ki kuma ba su labarin maganin Trovan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ba ne, kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Da mutane suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003, wannan labarin na cikin abin da suke ambata. Ɗalibin da ya ji haka ba zai ɗauki dangwala yatsa a takardar amincewa abin wasa ba.

Wani ɗalibin aji shida: Ranku ya daɗe, mu ma a ji namu. Wanda aka kira daƙiƙi a gaban mara lafiya da ƙarfe tara, da wuya ya yi wa wani fara'a da ƙarfe goma.

Tsohon likitan tiyata: Yaron nan ya yi gaskiya. Wannan sai a taron manyan sashe, ba a ajinki ba. Mai hoton kuma ki kira shi ke da shi, ya goge a gabanki, ki sanar da mai kula da ajinsu. Ya sani tona sirrin mara lafiya na iya kai likita gaban kotun ladabtarwa ta MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Sista, in na shirya atisayen ranar Laraba, za ki yarda ki zo ki zama tsohuwar?