Me za mu kira Kirchenburg da Hausa?

1/ Jama'a, ku zo mu yi shawara kan wata kalmar Jamusanci: Kirchenburg. Kirche majami'a ce, Burg kuwa ƙaƙƙarfan gini ne da ake fakewa a ciki idan yaƙi ya taso. Kafin kowa ya jefo suna, bari mu ga abin da ake kira haka.

2/ A ƙarni na 12 Sarkin Hangari, Geza na biyu, ya gayyato manoma masu jin Jamusanci suka zauna a Tiransilbaniya, yankin da yau yake cikin Romaniya. A 1241 Mongol suka ratsa ƙasar da ɓarna, daga baya hare-haren Turkawa da Tatar suka yi ta zuwa. Ƙauye ba shi da ƙarfin zagaye gari duka da gini, sai suka zagaye majami'arsu kawai. Katolika ne lokacin da suka fara ginin. A ƙarni na 16 suka koma ɗarikar Luta, majami'un suka zama na Furotesta.

3/ Dubi ta ƙauyen Prejmer. Bangon da ya kewaye ta ya kai mita 12 a tsayi, kaurinsa ya haura mita 3. Ta ciki an jingina masa ɗakuna fiye da 270, hawa kan hawa, kowane gida da nasa ɗakin mai lamba. Lokacin zaman lafiya a ajiye hatsi a ciki, ranar da aka hango mahara kuwa a kwashi yara a shige. Ga rumbu, ga mafaka, ga wurin ibada a tsakiya.

4/ Ta Biertan bango uku gare ta, wani bayan wani, a kan tudu. Nan ne mazaunin bishop ɗinsu daga 1572 zuwa 1867. Akwai wani ɗaki a can da a zamanin dā ake kulle ma'auratan da suka nace sai sun rabu: gado ɗaya, faranti ɗaya, cokali ɗaya, har su shirya. Da iyayenmu sun ji wannan dabara, da an rage wa alƙalai aiki. A 1993 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Biertan cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999 aka ƙara ƙauyuka shida.

5/ To, sunayen da na auna. "Coci mai katanga" bai yi ba sam. Gidan kowa ma yana da katanga, har makarantar firamare. "Sansanin coci" kuma sai ka ɗauka sojoji ne suka yada zango, alhali manoma ne da matansu. "Birnin coci" ya ba ni sha'awa, domin asalin birni gari ne mai ganuwa, amma kunnen Bahaushen yau zai ji kamar wani babban gari ake nufi mai yawan coci.

6/ Wani ɗan'uwa ya kawo "ribaɗi", irin su Wurno da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna. Akwai kama, ibada da tsaro wuri guda. Sai dai kalmar tana ɗauke da ma'anarta ta Musulunci, kuma ribaɗi gari ne sukutum na tsaron kan iyaka. Jingina ta ga ginin Kirista zai rikita mai karatu.

7/ Ni dai na tsaya kan majami'a mai ganuwa. Na san da sauran magana: ganuwar Kano da ta Katsina gari suka kewaye, mutane na kwana a ciki kullum, su kuwa waɗannan gidajensu a waje suke. Amma da ka ce ganuwa, an san ba don ɓarawon akuya aka yi ta ba, don mayaƙa ne. Na zaɓi majami'a a kan coci saboda ita 'yan'uwanmu Kiristoci Hausawa ke faɗa wa ginin, ikilisiya kuwa jama'ar ce. Jam'inta ma ba wuya: majami'u masu ganuwa.

8/ Wanda yake ganin "garu" ya fi "ganuwa" dacewa da bangon dutse, ya kawo hujjarsa, musamman mutanen Sakkwato da Damagaram.