Tsohuwar Mercedes S350 (W221): me ke yawan lalacewa, kuma ina kuɗi ke zurarewa?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Masana ina neman shawara a kan Mercedes S350 ƙirar W221 ta 2007, injin V6 mai lita 3.5, ta ci kilomita 190,000. Jikinta lafiya lau, kuma kuɗin da aka sa mata bai kai na ƙaramar mota mai ƙarancin shekaru ba. Me ya kamata a duba kafin a biya? Wane gyara ne ya fi cin kuɗi a irin wannan shekarun?

Bakanike_M272:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da lambar injin kafin ka kalli fenti. Injin wannan mota M272 ne, kuma na farko-farkonsa suna da ciwo guda da aka sani: haƙoran giyar sandar da ke daidaita girgizar injin, wadda sarƙar tamin ke bi ta kanta, an yi su da ƙarfe mai laushi. Haƙoran suna cinyewa, sarƙa ta yi sako-sako, lokacin buɗe bawul ya goce. Alamar farko fitilar injin ce, kwamfuta ta nuna lambar matsala P0016 ko P0017. Giyar kanta ƙaramar aba ce, amma sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a kai gare ta, don haka kuɗin aiki ya ninka na kaya. Idan lambobi shida na ƙarshen lambar injin sun haura 468993, an riga an gyara matsalar tun daga masana'anta. Idan ba su kai ba, nemi takardar da ta nuna an yi aikin.

Kada a ruɗe ka da cewa "sensa ce kawai". Wani lokaci maganaɗisun da ke gaban kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) ne, su huɗu, kuma canza su ba wuya. Amma in an canza su lambar matsalar ta dawo, giyar ce.

Sauran na injin masu sauƙi ne: sandar roba da ke juya faifan cikin manifol (hanyar shigar iska cikin injin) tana karyewa, sil ɗin gidan filtar mai yana yoyo ya jiƙa fanbel, kujerun injin masu ruwa a ciki suna zaunawa har ka ji girgiza a sitiyari mota tana tsaye. Bakin mai lita 8 take sha, mai lambar ƙa'idar Mercedes 229.5. A tayar maka da ita da sanyin safiya, injin bai yi ɗumi ba. In ka iso ka taɓa bonet ka ji zafi, ka dawo gobe.

Mai_Giya_da_Ƙafa:
Ƙari a kan abin da oga ya faɗa, ƙafar motar ce ta fi saurin kwashe kuɗi. Ba sufirin take da shi ba, jakunkunan iska ne, wato Airmatic. Roba ce, shekarun da ta yi tun 2007 kuwa sun isa ta tsattsage a wurin da take naɗewa. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin fenda, rubuta, ka dawo washegari ka sake aunawa. Kusurwar da ta sauka ita ce mai yoyo. Fesa ruwan sabulu a saman shokazoba da mahaɗar bututu, kumfa zai nuna wurin.

Abin da ke jawo asara shi ne jinkiri. Jaka ɗaya tana yoyo, kwamfaresa yana ta aiki ba hutu don ya cike giɓin, ya yi zafi, ya ƙone. Gyaran abu ɗaya ya koma na biyu. A canza jakunkuna biyu-biyu, na gaba tare, na baya tare, kuma duk ranar da aka sa sabon kwamfaresa a sa masa sabon rile, wato makunnin da ke ba shi wuta, domin tsohon yakan maƙale ya kashe sabon.

Giyar 7G-Tronic ce, 722.9. Farantin lantarki da ke cikinta yana ɗauke da sensocin gudu, idan suka fara mutuwa motar takan maƙale a giya ɗaya, a kashe a kunna ta saki, sannan ta sake maƙalewa. Farantin an ɗaure shi da lambar motar, ba a ciro na wata a dasa haka kawai, sai an yi masa kodin, wato an saita shi da kwamfuta ya dace da motar. Man giya a canza shi da filta duk kilomita 60,000. Ta 2007 jan mai take sha, mai lambar 236.14; shuɗin kuwa, mai lambar 236.15, na waɗanda aka ƙera daga tsakiyar 2010 ne, ba a gauraya su. Ba ta da sandar auna mai, ta ƙasa ake ɗura shi, a daidaita shi zafinsa yana kan digiri 45 na Celsius. Wanda bai san wannan ba kada ya kwance mata kaskon man giya.

Rewaya_Xentry:
Ɓangaren wuta. Batir biyu ne a wannan shekarar, na tayar da injin a gaba, na sauran kayan lantarki a baya. Idan na bayan ya yi rauni, dashbod zai cika da gargaɗin ƙarya, a yi ta canza kayan da lafiyarsu ƙalau. A gwada batiran kafin komai.

Sai ruwa. Magudanar da ke ƙasan gilashin gaba da ta rufin da ke buɗewa suna toshewa da ganye da ƙura, ruwa ya gangara cikin fankar esi da akwatunan lantarki. Ɗaga kafet ɗin gaba ka sa hannu ƙarƙashin soso. In da danshi ko warin ruɓa, ni shawarata ka bar motar, komai arharta, domin tsatsar da ta shiga soket ba ta gama fitowa lokaci guda. Rediyo, amfilifaya da na'urar waya kuma a haɗe suke a zobe ɗaya na wayar zaren haske (fiber optic), ɗaya ya mutu sauti duka ya ɗauke.

Ƙaramar na'urar binciken mota ta OBD injin kaɗai take karantawa. A sa mata Xentry, na'urar bincike ta Mercedes, ta karanta dukkan kwamfutocin, a buga maka sakamakon.

Mai_Neman_Sani:
Allah ya saka da alheri. Wasu sun ce a cire iskar a sa sufirin a huta. Ya kuke gani? Kuma nawa zan ware?

Mai_Giya_da_Ƙafa:
Ana yi, amma ban goyi baya ba. Laushin tafiyar da ake sayen motar dominsa ya tafi, sannan sai an rufe wa kwamfuta baki don kada ta yi ta gargaɗi. Jakunkuna masu kyau in an sa su za su yi shekaru.

Batun kuɗi, kuɗin motar ne ya faɗi, na kayan gyaranta yana nan a matsayin na babbar mota. Nauyinta ya kusa tan biyu, don haka taya, birki da hannuwan ƙafar gaba suna saurin cinyewa. Man birki duk shekara biyu. A cikin gari ka sa ran lita 14 zuwa 16 a kilomita 100, fetur mai okten 95. In ba ta zo da takardun gyara ba, ka riƙe kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sayenta a gefe don shekarar farko, ka fara da man giya, batira biyu da wanke magudanun ruwa a makon da ka karɓe ta.