Murhun indokshan zai iya riƙe girkin gida kuwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Kuɗin gas ya ishe ni, sai maigida ya ce mu sayi ƙaramin murhun lantarkin nan mai gilashi da ake kira indokshan, mai kai ɗaya. Mu shida ne a gida, kuma kusan kullum sai na tuƙa tuwo da dare. Masu amfani da shi don Allah, zai riƙe mini girkin yau da gobe, ko na tafasa ruwan shayi ne kawai?

Wata uwargida daga Zariya: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kafin ki fitar da ko sisi, shiga kicin ki duba tukwanenki. Shi wannan murhu ba ya yin zafi da kansa. Akwai waya naɗe a ƙarƙashin gilashin, ita ke sa gindin tukunyar ya ɗauki zafi, kuma sai tukunyar da mayen ƙarfe ke kamawa. Ki samu mayen ƙarfe, ko irin na jikin tsohuwar lasifika, ki manna a gindin kowace tukunya. Wadda ya kama za ta yi. Tukwanenmu na dalma da na alminiyom ba sa yi, kina ɗorawa zai yi ta ƙara ya mutu. Tsofaffin samirun kayan ɗakina dai sun yi, saboda ƙarfe ne a cikinsu. Ki sa kuɗin sababbin tukwane cikin lissafi tun yanzu.

Mai gyaran wuta: Hajiya, wuta tana zama a unguwarku? Nan ne maganar take. Yawancinsu wat 1800 zuwa 2000 suke ja. In kika ƙure shi awa ɗaya, yunit 2 ya tafi a mita. 'Yan Band A, da aka ce za a riƙa ba su awa 20 a rana, an kai musu yunit naira 225 a Afrilun 2024, sai ki duba kuɗin yunit ɗinki na yanzu ki lissafa. Amma ba ya ɓarnar zafi kamar gas, wanda fiye da rabin zafinsa ke bin gefen tukunya ya tafi. Ruwa lita 2 kan tafasa cikin minti 6 zuwa 7.

Abin da nake roƙonki, kada ki jona shi a ekstenshan ɗin nan masu arha. Ina yawan cire waɗanda suka narke, robar ta yi baƙi ta manne da filogi. A yi masa soket nasa a bango, mai amfiya 13, da waya mai kauri. In wuta ta zo ba ƙarfi zai nuna miki wata lamba ya ƙi tashi. Ƙaramin janareto ba zai ɗauke shi ba, inbata kuma sai babba, ita ma batir zai sha wahala.

Maman 'yan biyu: Maganar tuwo zan yi, don shi ya fi damunki. Talge da ruɗe lafiya lau, har ya fi gas sauri. Wurin tuƙi ne aiki: gilashin santsi gare shi, tukunya na ta zamewa, kuma kina danna muciya da ƙarfi a kan abin da zai iya tsagewa. Ni saukewa nake yi in tuƙa a ƙasa, sannan in mayar ya turara a lamba ta ƙasa. Tuwon mutum shida kuma tukunya babba yake so, shi ko zafinsa a tsakiya yake taruwa, sai tsakiya ya kama gefe bai nuna ba. Miya, shinkafa, taliya, kunun safe, duk ba ni da ƙorafi. Wajen suya ki kula, mai na ɗaukar zafi nan da nan, ki fara daga ƙasa.

Wani ɗan uwa: A kula a kasuwa, akwai mai kama da shi da ake kira infrared. Shi gilashinsa ja yake yi kuma yana karɓar kowace tukunya, sai dai bai kai indokshan sauri ba, kuma yana daɗewa bai huce ba, ga yara.

Wata ma'aikaciyar jinya: In akwai wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya a gidan, ya bar tazarar santimita 60 tsakaninsa da murhun, ya kuma tambayi likitansa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Wutarmu rana take zuwa, da yamma sai a hankali. To waina fa? Tandata ta ƙasa ce.

Wata uwargida daga Zariya: Tandar ƙasa ba za ta yi ba ko kaɗan, ki bar ta a kan gawayi. Tunda wutarku ta rana ce, kada ki rabu da silindarki. Ki yi miya da dafa wake da ruwan zafi a indokshan lokacin da wuta take, tuwon dare ki bar wa gas. Kuma ki ɗora shi inda fankar ƙasansa za ta sha iska, ban da kan tsumma ko leda. In ya huce ki goge ki rufe, don kyankyasai na son shiga cikinsa.