Neman shawara: wane keke ne zai iya da kaya a hanyar yashi?

Mai Lambu (Taura): Assalamu alaikum. Manya, ku ba ni haske. Tsakanin lambuna da bakin titi kusan kilomita 6 ne, rabi yashi, rabi 'yar siririyar hanya a tsakanin gonaki. Ran Lahadi albasa ko tumatir zan riƙa fitarwa zuwa Gujungu, sauran ranaku kuma ruwa, jarka 4. Kuɗin mai ya sa babur ya fi ƙarfina. Mai walda ya ce zai mai da kekena Phoenix mai taya uku. In yarda, ko akwai abin da ya fi?

Baba Mai Gyaran Keke: Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka yarda tukuna. Mai taya uku keken titi ne. Mai taya biyu sawu ɗaya yake bi, in ka samu inda ƙasa ta danne sai ka bi nan. Mai uku kuwa sawu uku zai buɗe a yashi, kowace taya tana nutsewa. Wanda ake haɗawa a wajen walda kuma yawanci taya ɗaya ce ta baya ke jan keken, da ta shiga rairayi sai ta yi ta juyawa a wuri guda. Ga faɗi: ba zai wuce tsakanin kunyoyi ba sai ya taka shukar mutane.

Tuƙinsa ma daban ne. Ba ya kwantawa a kwana, in ka sha kwana da gudu tayar ciki za ta ɗaga, kaya su kife waje. In hanya ta karkata, can zai riƙa jan ka, hannunka ya yi ta kokawa da kan keken. Amfaninsa shi ne yana tsayawa da kansa lokacin lodi, kuma ya fi ɗaukar kaya. Da a cikin gari kake, da shi zan ce ka yi.

Ɗalibin Kanikanci: Baba ya yi gaskiya. Bari in ƙara sauran nau'o'in don a kwatanta. Akwai mai dogon baya, wanda ake ja tayar baya can baya a tsawaita kariya. Tuƙinsa kusan irin na keken da ka saba ne, kan ba ya ɗagawa, sai dai kwanarsa na cin wuri. Akwai mai akwati ƙasa-ƙasa a gaba, tsakanin direba da 'yar ƙaramar tayar gaba, wanda ya yawaita a Holan da Denmak. A kwalta yana da daɗi don nauyi na ƙasa kuma kana ganin kayanka, amma ƙaramar taya da nauyi a kanta nan take take binne kanta a yashi. Sai 'yar tirela da ake ƙulla wa keke. Ita ma sawu uku ce, kuma a gangara tura ka take yi.

Abu ɗaya game da kayan gaba: in kwandon yana jikin fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, duk nauyin yana juyawa tare da hannunka. Kar ya wuce kilo 10.

Mai Lambu: Ke nan in tsaya kan Phoenix ɗin. To me zan canja, Baba?

Baba Mai Gyaran Keke: Fara da tayar baya, ita ke ɗaukar nauyin. A sake ɗaure ta da sifok mai kauri, irin na milimita 2.3 ko 2.6 maimakon 2 da ke zuwa da keke, in ramukan hob ɗin, wato cibiyar taya, za su karɓa. A ja su daidai wa daida. Sifok ba don nauyi kaɗai yake karyewa ba, sako-sako ne ke kashe shi: yana lanƙwasawa yana miƙewa duk juyi har ya tsinke a wuya. In ɗaya ya tsinke, canja shi ran nan, in ba haka ba na kusa da shi za su bi.

Na biyu firiwil, wato faifan haƙoran da cen ke ja a tayar baya. In naka mai haƙori 18 ne, nemi mai 20 ko 22. Mai 22 zai buƙaci ƙarin ƙwaya biyu a cen. Gudu zai ragu, amma za ka iya tashi da lodi ba tare da ka miƙe kan feda ba. Miƙewar nan ita ke cinye kota fin, ƙusar da ke riƙe hannun feda, ka ji feda na ƙwas-ƙwas.

Iska kuwa, tayar baya ta sha ta ƙoshi. In ka ga tif ya huje wuri biyu gefe da gefe, ba ƙaya ba ce, rim ne ya cije shi saboda ƙarancin iska. Ta gaba za ka iya ɗan sassauta ta don yashi. Maganin tsidau: yanke wayar gefen tsohuwar taya, ka shimfiɗa ta cikin sabuwa kafin ka sa tif. Boris ɗin baya a wanke da kananzir a sa sabon giris duk wata biyu ko uku, don ƙura da giris in sun haɗu yashin goge ƙarfe suke zama.

Mai Walda (Ringim): Malam, kariyar kamfani ba za ta ɗauki kilo 100 ba, kuma jarka 4 masu lita 25 daidai kilo 100 ke nan. A yi maka sabuwa da bututu mai kusurwa huɗu na milimita 20, ƙafa biyu kowane gefe, su sauka wajen aksul, gaba kuma a kama ta da noti a ƙarƙashin sirdi. Kar ka bari a ɗora waldar lantarki a jikin firam. Bututun keke siriri ne, zai ƙone, daga baya ya tsage a gefen ɗinkin. A yi wa kariyar rataye biyu, hagu da dama, yadda gindin jarka zai sauko kusa da aksul, amma a ja su baya kaɗan kar dunduniyarka ta riƙa bugu. A sa jak mai ƙafa biyu.

Direban Keken Dakon Ruwa: Ɗan'uwa, lodi ma fasaha ne. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama, kuma tsakiyar kayan ya zauna kan aksul ko gabansa kaɗan. In ya zarce baya, tayar gaba za ta yi sakayau, kan keken ya kama rawa. Jarka ko ta cika maƙil ko ta tafi ba komai. Rabin jarka tana kaɗawa, ita ke kayar da mutum a kwana. Ni ban yarda da huɗu a yashi ba ma: biyu a rataye, ɗaya a kwance a sama, ka yi sawu biyu.

Baba Mai Gyaran Keke: Huɗun za ta yiwu in zai sauka ya tura a wurin yashin. Ka riƙe kan da hannun hagu, sirdi da dama, keken ya jingina da ƙugunka. Birki kuma ka fara da na baya, tun da nisa. Birkin sanda a kan rim ɗin ƙarfe in ya jiƙe da raɓa ko ruwan jarka kusan ba ya kamawa sai taya ta yi 'yan juyi. Tumatir kuwa ka shimfiɗa ciyawa ko tsohon buhu ninki biyu a ƙarƙashin kwandon, ka ɗaure da robar tif ta wuyan kwando, kar ta bi ta saman kayan.